Yadda Fadar al-Bashir Ta Riƙa Tare Labari Kafin Ya Iso Jazira

Gwamnatin Umar Hasan al-Bashir, wadda ta mulki Sudan daga 30 ga Yuni 1989 zuwa 11 ga Afrilu 2019, tana da tsarinta na tunkarar 'yan jarida duk lokacin da wata badaƙala ta taso. Musanta zargi ƙaramin ɓangare ne na tsarin. Ginshiƙinsa lokaci ne da kuɗi: a jinkirta labari har ya huce, a kuma mai da buga shi asara ga mai jarida, har ya riƙa tace kansa da kansa tun kafin jami'in tsaro ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. A Khartum ake zartar da wannan aiki, amma sau da yawa waɗanda badaƙalar ta ci wa dukiya ko ta taɓa wa mutunci suna can nesa, a gonakin Jazira da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, inda Hausawa suke da yawa.

Zaman Hausawa a wannan yanki ya haura shekara ɗari. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman rani na Jazira, wanda daga baya ya kai faddan miliyan 2 da wani abu, Hausawa da sauran mutanen yamma suka zama ƙashin bayan shuka da tsintar auduga. Wasu sun samu hawasha, wato gonar da hukumar aikin take rabawa. Da yawa kuwa sun zauna a kanabi (jam'in kambo), matsugunan leburori da ke gefen magudanan ruwa. Can kudu, tsakanin Sinja da Rusairis, sun kama su da noman lambu. A zamanin al-Bashir, jaridar da za ta iso waɗannan wurare sai an buga ta a Khartum da dare, mota ta ɗauko ta da asuba, ta yi tafiyar kusan kilomita 190 zuwa Wad Madani ko fiye da 500 zuwa Damazin. Duk wanda ya riƙe ƙofar maɗaba'a a babban birni ya riƙe abin da za a karanta a kasuwannin yankin ran nan.

Ranar da sojoji suka karɓi mulki a 1989 suka rufe jaridu tare da jam'iyyu. Da aka sake barin jaridu masu zaman kansu, an sa su ƙarƙashin Majalisar Jaridu da Ɗab'i ta Ƙasa, wadda take ba da lasisi take kuma iya dakatarwa, kuma shugaban ƙasa ne yake naɗa wasu daga cikin wakilanta. Dokar jaridu ta 2009 ta ci gaba da wannan tsari. Sai dai ainihin ƙarfin yana hannun Hukumar Tsaro da Leƙen Asiri ta Ƙasa, wadda jama'a suke kira amni a taƙaice, kuma ga fadar shugaban ƙasa kai tsaye take ba da bahasi. Dokar tsaro ta 2010 ta ba jami'anta ikon bincike da ƙwace kaya da tsare mutum har wata huɗu da rabi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, ta kuma ba su kariya daga tuhuma. Da wannan doka a hannu, hukumar ba ta bukatar ta faɗi dalili.

Hanya ta farko ita ce tace jarida kafin a buga ta. Jami'an tsaro sukan zo ofishin jarida da dare, su karanta shafuka ɗaya bayan ɗaya, su ce a cire wannan, a sauya wancan. An dawo da wannan aiki da ƙarfi a Fabrairun 2008, bayan da wasu jaridu suka taɓa zargin hannun Khartum a harin da 'yan tawayen Chadi suka kai Njamena. A Nuwamban shekarar 'yan jarida suka yi zanga-zanga a ƙofar majalisar dokoki da ke Omdurman, aka kwashi fiye da 60 daga cikinsu. Sai a Satumban 2009 al-Bashir ya ba da sanarwar ɗage tacewar, ita ma ɗagewar ba ta daɗe ba.

A tsakiyar wannan lokaci ne aka yi abin da Hausawan Sudan ba su manta ba. A Oktoban 2008 jaridar al-Ayyam, wadda Mahjub Muhammad Salih da abokansa suka kafa a 1953, ta buga wata magana da aka danganta ga shugaban ƙasa, mai nuna cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Maganar ta faɗa kan tsohon miki. Dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun ɗaure asali da zaman kakanni a ƙasar kafin ƙarshen 1897, kwanan watan da ya bar mutanen hijirar Burmi a waje, kuma ko da dokar 1994 ta matso da iyakar zuwa 1 ga Janairu 1956, samun takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, bai daina zama wahala ga Bahaushe ba. Ga shi an yi ƙidayar jama'a a Afrilun shekarar, ana kuma shirin zaɓe. Mutane suka fito kan tituna a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, aka yi arangama da 'yan sanda. Fadar shugaban ƙasa ta musanta cewa ya faɗi haka.

Abin lura a nan shi ne musun bai kashe wutar nan take ba. Gwamnatin da jami'anta suke karanta kowane shafi kafin a buga shi ba ta da bakin cewa jarida ta yi gaban kanta, domin mai karatu ya riga ya saba da cewa abin da ya fito a takarda ya wuce ta hannun hukuma. Tacewar da aka kafa don kare fada ita ce ta rage wa musun fadar nauyi. Kuma a lokacin al-Bashir yana cikin tsananin bukatar goyon bayan kowace ƙabila, tun da a ranar 14 ga Yulin shekarar mai gabatar da ƙara na Kotun Duniya Mai Hukunta Manyan Laifuka, Luis Moreno Ocampo, ya nemi a ba da sammacin kama shi kan Darfur.

Badaƙalar da ta fi kusa da aljihun manomin Jazira ita ce ta Kamfanin Auduga na Sudan. A lokacin wannan kamfani shi yake sayar da audugar ƙasar a waje, kuma manoman Jazira da Rahad da Sabuwar Halfa suna cikin masu hannun jari a cikinsa. A farkon 2012 jaridar al-Tayyar, ƙarƙashin editanta Usman Mirgani, ta fara buga takardu a jere, masu nuna yadda aka ciwo bashi da sunan kamfanin don sayen taraktoci da kayan noma da injinan gurzar auduga, aka kuma bi da kwangilolin ta hannun wasu kamfanoni na kusa da shugabannin. Maganar ta zo daidai lokacin da aikin Jazira yake durƙushewa. Dokar 2005 ta sauya tsarin tafiyar da shi, an sallami dubban ma'aikata, layin dogon da ke ratsa gonaki ya lalace, magudanai sun cushe da laka, filin auduga ya tsuke ƙwarai. Leburan kambo wanda abincinsa na shekara yake rataye da tsintar auduga shi ya fara jin raɗaɗin, kafin ma mai hawasha.

Martanin gwamnati ya zo ta fuska biyu, kuma sai an haɗa su ake gane tsarin. Ta fuska ɗaya an kama shugabannin kamfanin, aka nuna wa jama'a cewa shugaban ƙasa da kansa ya damu da batun. Ta ɗaya fuskar kuwa hukumar tsaro ta dakatar da al-Tayyar har sau biyu a cikin shekarar 2012, kuma dakatarwar watan Yuni ta ɗauki kusan shekara biyu. Sai da Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 2014 jaridar ta koma kasuwa. Da haka labarin ya fita daga hannun wanda ya tono shi, ya koma hannun masu gabatar da ƙara, su ne masu cewa ga abin da za a ji da ranar da za a ji shi. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A Afrilun 2014 ta sake fashewa, bayan da ta bayyana cewa shugaban Kotun Tsarin Mulki, Abdullahi Ahmad Abdullahi, ya zauna a kwamitin sulhu kan wata taƙaddamar kuɗi da ta shafi kamfanin, abin da ya kai shi ga yin murabus. A Yulin shekarar wasu mutane ɗauke da makamai, fuskokinsu a rufe, suka kutsa ofishin al-Tayyar suka yi wa Usman Mirgani dukan da ya kwantar da shi a asibiti. A Disambar 2015 aka sake rufe jaridar, har ma'aikatanta suka shiga yajin cin abinci a Maris na 2016.

Rufe jarida baki ɗaya yana jawo surutu a waje, don haka hukumar ta fi son wata hanyar da ba ta da ƙara: ƙwace jarida bayan an gama buga ta. Jami'ai sukan jira a maɗaba'a har injina su tsaya, sannan su loda dukan kwafin a mota su tafi. Mai jarida ya riga ya biya takarda da tawada da kuɗin bugu, takardar kuma daga waje ake sayo ta da kuɗin ƙetare masu wuyar samu. Masu talla ba za su biya tallan da ba wanda ya gani ba. Idan aka maimaita masa haka kwana uku ko huɗu a wata, albashin ma'aikata ya tafi. A ranar 16 ga Fabrairu 2015 an ƙwace jaridu 14 a rana ɗaya, ciki har da masu goyon bayan gwamnati, ba tare da wani bayani a rubuce ba. Rashin bayanin da gangan ne. Editan da bai san wane labari ya jawo masa asara ba zai guje wa labarai goma maimakon ɗaya. Ga kuma tallan ma'aikatu da na manyan kamfanonin da ke jingine da gwamnati, wanda ake ba mai ladabi a hana mai taurin kai. A wasu lokutan ma ba a taɓa jaridar, sai a kira edita ta waya a ce kada sunan marubuci wane ya sake fitowa.

Shekarar 2014 ta nuna wata dabara kuma, wato haramta buga labari da sunan kare bincike. A watannin farko na shekarar aka gano cewa wasu ma'aikata a ofishin gwamnan Khartum, Abdurrahman al-Khidir, sun mallaki filaye da kuɗi ta hanyar amfani da ofishin. Kwamitin da ya bincika ya bar su suka mayar da dukiyar aka sake su, bisa wata ƙa'ida ta dokar haramtacciyar dukiya ta 1989 da ake kira tahallul, wadda take ba wanda ake zargi damar wanke kansa ta hanyar mayar da abin da ya ɗauka kafin a tuhume shi. Jama'a suka fusata, jaridu suka yi ca. A watan Mayu fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa tana gargaɗin kafofin labarai kada su tsallake jan layi a kan al'amuran tsaro da soja da shari'a. Nan da nan aka dakatar da jaridar al-Saiha, wadda take ta buga takardun zargin cin filaye a kan wani babban jami'in ma'aikatar shari'a. Mai jaridar, al-Tayyib Mustafa, kawun shugaban ƙasa ne, kuma dangantakar ba ta hana a rufe ta ba. A watan ne kuma aka tsare jagoran adawa Sadiƙ al-Mahadi saboda sukar Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa, masu gabatar da ƙara suka hana jaridu tattauna batun. Da zarar an ce magana tana gaban bincike, duk wanda ya sake taɓa ta ya zama mai laifi, binciken kuwa ba a sa masa ranar ƙarewa.

Idan abin ya fi ƙarfin takarda ya fito titi, sai a koma ga sarrafa suna da hoto. Zanga-zangar janye tallafin mai ta fara ne a Wad Madani ranar 23 ga Satumba 2013, kafin ta isa Khartum. Bayan kwana biyu aka katse intanet a ƙasar. Aka rufe ofisoshin tashoshin al-Arabiyya da Sky News Arabiya. Aka umarci editoci su dogara da bayanan hukuma kaɗai, su kuma kira masu zanga-zangar maɓarnata. Jaridar al-Ayyam ta zaɓi ta dakatar da fitowa da kanta maimakon ta buga abin da aka shifta mata. A wani taron manema labarai, ministan cikin gida Ibrahim Mahmud Hamid ya ce hotunan gawarwakin da ke yawo na ƙarya ne, wai daga Masar aka ɗauko su. Wani matashin ɗan jarida, Bahram Abdulmun'im, ya miƙe ya tambayi jami'an da ke wurin dalilin da ya sa suka nace kan ƙarya, jami'an tsaro kuma suka tafi da shi bayan taron. Gwamnati ta tsaya kan cewa mutum 80 da 'yan kai ne suka mutu, ƙungiyar Amnesty kuwa ta ce sun haura 200.

Wannan dabara ta sauya suna ta fi yin ɓarna a kan cutar da ta ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a Agustan 2016, ta bi kogi zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nilu. Likitoci masu zaman kansu sun ce kwalara ce. Gwamnati ta ƙi amincewa da sunan, ta ce zawo ne mai ruwa-ruwa, aka kuma tsare ko aka kira 'yan jarida da masu wayar da kai da suka ambaci kwalara. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum fiye da 36,000 sun kamu, fiye da 800 sun mutu zuwa farkon 2018. Gwamnati tana tsoron abin da sunan zai yi wa fitar da amfanin gona da dabbobi, tana kuma neman Amurka ta ɗage mata takunkumi a daidai lokacin. Amma mazaunin kambo da yake shan ruwan magudana, wanda ba shi da famfo ba shi da asibiti kusa, shi ne ya fi kowa bukatar a kira cutar da sunanta, domin sunan ne yake sa uwa ta ruga da yaro wurin magani tun a daren farko.

A ƙauye rediyo ya fi jarida tasiri, gwamnati kuma ta san haka. Gidan rediyon Omdurman da na jihohi nata ne, ba sa ɗaukar labarin badaƙala sai bayan an ba da sanarwa a hukumance. A Agustan 2010 aka dakatar da watsa shirye-shiryen sashen Larabci na BBC a zangon FM a birane huɗu na arewa, Wad Madani na cikinsu. Da yaƙi ya ɓarke a Damazin a farkon Satumban 2011, aka tuɓe zaɓaɓɓen gwamna Malik Agar aka kafa dokar ta-ɓaci, jihar Shuɗin Nilu ta zama wurin da ɗan jarida ba ya shiga sai da rakiyar hukuma. Abin da ya rage wa mai sauraro shi ne gajeren zango: Rediyo Dabanga da ke watsowa daga Holan tun ƙarshen 2008, da tashoshin ƙetare, har da sassansu na Hausa waɗanda ake kamawa a Mai Wurno kamar yadda ake kama su a Sakkwato. Daga baya wayar hannu da WhatsApp suka shigo, suka kawo takardun da jaridu ba su iya bugawa, suka kawo jita-jita tare da su, ba kuma wata kafa amintacciya a kusa da za ta tantance wa mutane tsakanin biyun.

Matakin ƙarshe da fadar ta ɗauka shi ne ta karɓe labarin cin hanci ta mai da shi nata. A Fabrairun 2018, bayan tsadar burodi da faɗuwar darajar fam ɗin Sudan, al-Bashir ya dawo da Salah Gosh kan shugabancin hukumar tsaro, ya kuma shelanta yaƙi da waɗanda ya kira ƙosassun kyanwoyi. Aka kama wasu 'yan kasuwa da shugabannin bankuna, aka riƙa tsegunta wa jaridu sunayensu, mafi yawansu kuma suka fita ta hanyar sulhun kuɗi ba tare da shari'a a bainar jama'a ba. An bar jaridu su yi ta magana kan waɗanda hukuma ta zaɓa, iyalan shugaban ƙasa da kamfanonin tsaro kuwa suna bayan jan layi. Da zanga-zangar Disambar 2018 ta tashi aka toshe Facebook da Twitter da WhatsApp fiye da wata biyu, aka karɓe takardun izinin wasu wakilan kafofin waje, aka kama Usman Mirgani a daren 22 ga Fabrairu 2019, bayan ya yi sharhi a talabijin kan dokar ta-ɓacin da shugaban ya kafa.

Bayan faɗuwar gwamnatin, masu bincike sun samu kuɗin ƙetare da suka kai kusan Yuro miliyan 7 a gidan al-Bashir. A gaban kotu ya amsa cewa ya karɓi dala miliyan 25 daga yarima mai jiran gadon Saudiyya, Muhammad bin Salman, ba tare da kuɗin sun shiga baitulmali ba, kuma a ranar 14 ga Disamba 2019 aka yanke masa hukuncin tsarewa na shekara biyu. 'Yan jarida sun zauna a zauren kotun, sun buga abin da suka ji. Takardar tsarin mulki ta Agustan 2019 ta taƙaita aikin hukumar leƙen asiri ga tattara bayanai da nazarinsu, aka kuma naɗa Faisal Muhammad Salih ministan yaɗa labarai, mutumin da a 2012 hukumar tsaro ta riƙa tilasta masa zuwa ofishinta kullum ya wuni a zaune saboda ya soki wani jawabin shugaban ƙasa a tashar Aljazira. Sauƙin bai daɗe ba. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 an katse intanet na tsawon makonni, kuma kafin ƙarshen shekarar shugaban sojoji Janar Abdulfattah al-Burhan ya mayar wa jami'an leƙen asiri ikon kamawa da bincike da ƙwace kaya a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci.